Tarihin Abdurrahman As-Sufi (903–986), Malamin Da Ya Zana Taurarin Ruwa Da Iska

Duk wanda ya taɓa yin watannin zafi a birnin Doha ya san yadda mutanen Qatar ke ɗokin ranar 24 ga watan Agusta. A lissafin kalandar ƙasar, ranar ce tauraron Suhailu ke fara ɓullowa da asuba ta fuskar kudu. Zafi ba ya ɗaukewa a wannan rana, amma daga nan dare yakan fara sassautowa sannu a hankali, shi ya sa jaridu da gidajen rediyo ke sanar da ita kamar wani babban baƙo ne ke tafe. Mu Hausawa wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wanda ya tashi a karkarar Katsina ko ta Maraɗi ya ji tsofaffi suna zancen Kaza da 'Ya'yanta in bazara ta yi nisa, ya kuma ga manomi ya je wurin malami yana tambayar wane tauraro ake ciki kafin ya zuba iri a ƙasa.

A nan Doha ɗin, a Gidan Adana Kayan Fasahar Musulunci da ke bakin teku, akwai wani littafi rubutun hannu da aka kwafa a Bagadaza a shekarar 1125. Sunansa Kitabu Suwaril Kawakibis Sabita, wato littafin surorin taurari masu zama wuri guda. Mawallafinsa shi ne Abul Husaini Abdurrahman ɗan Umar As-Sufi, kuma tarihinsa ne muka kawo wa mai karatu a wannan shafi.

Haihuwarsa da zamaninsa

An haifi As-Sufi a shekarar 903 Miladiyya, daidai da 291 Hijiriyya, a garin Rayyu, wanda a yau birnin Tehran na ƙasar Iran ya haɗiye shi. Saboda haka ne ake ƙara masa laƙabin Ar-Razi, laƙabin da ya yi tarayya a kansa da shahararren likitan nan Abubakar Ar-Razi, da kuma Fakhruddin Ar-Razi mai tafsiri wanda ya zo daga baya, wanda malamanmu na zaure suka fi sani.

Ya rayu a lokacin da ƙarfin halifofin Abbasiyawa ya ja baya. A shekarar 945 wani gidan sarauta daga tsaunukan Dailam, Banu Buwaihi, suka shiga Bagadaza suka riƙe ragamar mulki, suka bar wa halifa suna da huɗuba. Sarakunan wannan gida mayaƙa ne, amma suna gasar tara malamai a fadojinsu. As-Sufi da kansa ya ba da labarin cewa ya je garin Dinawar wajen shekarar 946, garin Abu Hanifa Ad-Dinawari, mai littafi a kan taurarin ruwa (ba Abu Hanifa mai mazhaba ba), sannan bayan kamar shekara biyu yana Isfahan tare da waziri Ibnul Amid, wanda shi ma masani ne.

Sarkin da ya fi daɗewa tare da shi shi ne Adudud Daula, wanda ya hau gadon mulkin ƙasar Farisa a Shiraz a shekarar 949 yana ɗan shekara goma sha uku. Wannan sarki ne ya gina madatsar ruwa ta Bandi Amir kusa da Shiraz, ya kafa babban ɗakin karatu a fadarsa, daga baya kuma da ya karɓi Bagadaza ya gina asibitin da ake kira da sunansa. Masu tarihi sun ruwaito cewa yakan yi alfahari da malamansa: Abu Aliyul Farisi a nahawu, Ibnul A'alam a lissafin falaki, As-Sufi kuma a sanin taurari da wurarensu. Domin wannan sarki As-Sufi ya rubuta littafinsa, wajen shekarar 964.

Taurari a matsayin kalandar yanayi

Kafin a gane abin da As-Sufi ya yi, sai an san rigimar da ya tarar. A zamaninsa akwai hanyoyi biyu na sanin sama, kuma masu bin kowace ba su cika sauraron 'yan uwansu ba.

Hanya ta farko ita ce ta Larabawan ƙauye, makiyaya da matafiya, wadda ake kira ilmin anwa'i. Sun raba hanyar da wata ke bi a sama gida 28, su ne manazilu. Duk bayan kwana 13, da asuba, wani tauraro daga cikinsu zai faɗi a yamma, abokin gabansa kuma ya fito a gabas. In aka ninka 28 sau 13 za a sami kwana 364, sai a ƙara wa tauraron Jabha kwana ɗaya ya zama 14, shekara ta cika 365. Ka ga ke nan mutanen da ke ƙirga watanninsu da jinjirin wata, wanda ba ya tafiya daidai da damina da rani, sun samo wa kansu wata kalanda ta biyu wadda ke tafiya da rana, ba tare da takarda ko alƙalami ba. Kowane tauraro an san abin da ke zuwa a kwanakinsa: wannan ruwa, wancan iska mai ƙura, wancan sanyi mai kashe 'yan raƙuma. An zuba wannan sani a cikin gajerun maganganu masu amsa-amo domin yaro ya haddace.

Wannan lissafi ne ya iso ƙasar Hausa ta hannun malamai, har aka yi masa waƙoƙi da ajami. A tsarin da malamanmu da yawa ke bi, taurari bakwai-bakwai aka ba bazara da damina da kaka da ɗari, kuma na damina su ne Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan. Haka nan a Qatar da maƙwabtanta har yau ana amfani da shi. Ana danganta iskar arewa mai ƙura ta farkon zafi, wadda suke kira bawarih, da fitowar Surayya. Ana lissafin Wasmi, lokacin ruwan farko mai fitar da ciyawa, daga 16 ga Oktoba har kwana 52. A ƙasar da ruwan shekara guda bai cika kai milimita 100 ba, kuma a da abincin mutane ya dogara ga kiwo da nutso neman lu'ulu'u a teku, kuskuren mako biyu a irin wannan lissafi ba ƙaramar asara ba ce.

A nan akwai abin lura. Surayya dai ita ce Kaza da 'Ya'yanta. A bakin tekun Fasha tana zuwa da zafi da ƙura, a ƙasar Hausa kuwa lokacinta lokacin haɗuwar hadari ne da gyaran gona. Tauraro ɗaya, yanayi biyu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa tauraron ba shi ke kawo ruwa ko iska ba, agogo ne kawai da ke nuna inda shekara ta kai. Ruwanmu yana zuwa ne in iska mai laima daga tekun Atlantika ta turo busasshiyar iskar Sahara ta koma arewa. Malaman addini tun da wuri sun yi wannan bambanci, saboda hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Zaidu ɗan Khalid Al-Juhani, wanda ya yi hani ga jingina saukar ruwa ga tauraro. Imamu Shafi'i ya bayyana cewa wanda ke nufin tauraro ne ya saukar da ruwa ya kauce, amma wanda ke nufin an yi ruwa a lokacin tauraro kaza, kamar ya ambaci sunan wata ne.

Hanya ta biyu ita ce ta masana falaki, magada ilmin Girkawa. Madogararsu littafin Almajisti na Batlimus, wanda ya rayu a Iskandariyya ta Masar a ƙarni na 2 Miladiyya. Shi ya jera taurari dubu da 'yan kai a cikin surori 48, irin su Zaki da Kunama da Babbar Dabbar Beyar, ya ba kowane tauraro lambobin wurinsa da matakin haskensa daga na 1 zuwa na 6.

As-Sufi ya soki ɓangarorin biyu a gabatarwar littafinsa, kuma bai yi musu da sauƙi ba. Masana falaki, a ganinsa, da yawansu kwafa kawai suke yi daga littattafai da ƙwallayen tagulla da maƙera suka zana ba tare da sanin sama ba, har wani ya ba da siffar tauraron da bai taɓa ɗaga kai ya duba ba. Ko babban malami irin Al-Battani bai tsira daga gyaransa ba. Masu littattafan anwa'i kuma, ciki har da Ad-Dinawari wanda ya fi yabawa a cikinsu, sun san waƙoƙi da sunaye amma sukan rikita wane suna ne na wane tauraro. Aikin da ya ɗora wa kansa shi ne ya haɗa su wuri guda: a ce ga sunan da makiyayi ke kiran tauraron nan, ga lambarsa a jerin Batlimus, ga kuma inda yake in ka fita da dare.

Yadda ya tsara littafin

Ga kowace sura daga cikin 48 ɗin, As-Sufi ya kawo abu uku. Da farko bayani a rubuce, inda ya bi taurarin ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi inda ya saɓa da Batlimus, sannan ya kawo abin da Larabawa ke cewa a kansu. Sai zane. Sai kuma jadawali mai lambobi.

Zanen ne ya fi ɗaukar ido, kuma a nan gwanintarsa ta fito. Kowace sura sau biyu ya zana ta, ɗaya tana fuskantar dama, ɗaya hagu. Dalili kuwa shi ne, mai kallon sama yana cikin ƙwarya ne yana duban rufinta, shi kuwa mai riƙe da ƙwallon tagulla yana waje yana duban bayanta, don haka abin da ke hannun daman wannan yana hannun hagun wancan. Ɗalibin da ya koyi sama daga ƙwallo kaɗai zai fita waje ya ga komai a juye, ya rikice. As-Sufi ya ajiye masa fuskokin biyu kusa da juna domin ya kwatanta.

Su kansu taurarin da ɗigo aka nuna su, kuma girman ɗigon yana bin matakin hasken tauraron: mai haske ƙwarai babban da'ira, mai dishi-dishi ɗan ƙaramin ɗigo. A tsofaffin kwafe-kwafen littafin ana bambanta launi, taurarin da ke cikin jikin surar da ja, waɗanda ke kewayenta da baƙi, kowanne da harafinsa na lissafin abajada wanda zai kai ka layinsa a jadawali. Ashe mutum ko raƙumi ko kifin da aka zana ba ado ba ne kawai. Ƙugiya ce da ake rataya lambobi a kanta domin su zauna a ƙwaƙwalwa. Wanda ba zai iya riƙe lamba arba'in ba zai iya tuna cewa tauraro mai ja yana a zuciyar Kunama.

Al-Biruni ya ruwaito cewa As-Sufi yakan shimfiɗa siririyar takarda a kan ƙwallon, ya daidaita ta da jikinsa, ya bi surar da taurarinta da alƙalami. Al-Biruni, da yake mutum ne mai tsanani a lissafi, ya lura cewa wannan dabara tana yin daidai ga ƙananan surori amma tana ɗan karkacewa ga manya, tunda abu mai dunƙule ba ya kwanciya a shimfiɗe ba tare da ya miƙe ko ya tattare ba. Matsalar da masu zana taswirar duniya ke fama da ita ke nan har gobe.

A ɓangaren lambobi, bai sake auna wuraren taurari duka ba. Ya ɗauki na Batlimus ya ƙara wa kowanne digiri 12 da minti 42, saboda sama tana gocewa a hankali a kan lissafin shekara. Ya yi aiki da ƙiyasin digiri 1 a duk shekara 66, ƙiyasin da masana zamanin halifa Ma'amun suka fitar. A yau an san abin ya fi kusa da shekara 72. Wannan gocewa tana da muhimmanci ga mai lissafin damina da taurari, domin tana nufin ranar fitowar tauraro tana jinkirta da kamar kwana ɗaya a duk shekara saba'in da wani abu. Daga zamanin As-Sufi zuwa namu an sami kusan mako biyu. Jadawalin da aka gada daga kakanni, in ba a gyara shi, zai wayi gari yana faɗin wani abu sama tana nuna wani.

Inda ya yi aikin idonsa sosai shi ne matakan haske. Ya sake duba taurarin da kansa, ya canza matakin da yawa daga cikinsu, yana rarrabe wanda ya cika matakinsa da wanda ya ɗan ɗara da wanda ya ɗan gaza. Babu madubin hangen nesa a lokacin, sai bayan fiye da shekara 600 aka ƙirƙiro shi. Ido ne kawai da haƙuri da daren da babu fitila.

Cikin wannan dubawa ne ya rubuta abin da ya fi shahara da shi a yau. A surar da Larabawa ke kira Mace Mai Sarƙa, Turawa kuma Andromeda, makiyaya suna ganin wani babban kifi. As-Sufi ya ce a daidai bakin kifin akwai wani ɗan tabo kamar gajimare, aka kuma nuna shi a zane da 'yan ɗige-ɗige. Wannan ɗan gajimare ba na ruwa ba ne. Wani gagarumin tarin taurari ne irin wanda ranarmu ke ciki, wanda haskensa ke shafe kimanin shekara miliyan 2.5 kafin ya iso mu. Littafin As-Sufi shi ne rubutu mafi daɗewa da aka sani ya ambace shi. A Turai sai a shekarar 1612 Simon Marius ya siffanta shi da madubi.

Ya kamata a faɗi gaskiya cewa As-Sufi bai auna ruwan sama ba, bai kuma zana taswirar iska ko ta zafi ba. Waɗannan sun zo daga baya: Edmond Halley ya fitar da taswirar iskokin teku a 1686, Alexander von Humboldt ya ƙirƙiro layukan da ke haɗa wurare masu zafi ɗaya a 1817, kuma a 1875 jaridar The Times ta Landan ta buga taswirar yanayi ta farko a jarida, aikin Francis Galton. Abin da As-Sufi ya zana shi ne agogon da mutanen zamaninsa ke karanta yanayi da shi. Sai dai wanda ya saba duba hasashen yanayi a wayarsa, inda launi ke nuna zafi, girman alama ke nuna yawan ruwa, ga kuma lambobi a gefe ga mai son ƙarin bayani, in ya buɗe shafin As-Sufi ba zai ɓata ba.

Sauran ayyukansa da rasuwarsa

Daga ƙarshen shekarar 969 ya jagoranci wani awo a Shiraz bisa umarnin Adudud Daula, da wani babban zobe na ƙarfe, domin gano iyakar karkatar hanyar rana, karkatar da ita ce asalin sauyawar zafi da sanyi a shekara. Sun sami digiri 23 da minti 35. Ya kuma rubuta dogon littafi mai ɗaruruwan babi a kan usturlabi, faifan tagullar nan da ake gane lokacin salla da alƙibla da tsawon dare da shi, da wani littafin a kan aiki da ƙwallon taurari. Ibnul Ƙifɗi ya ruwaito cewa a shekarar 1043 an ga wani ƙwallon taurari na azurfa a ɗakin karatu na Alƙahira, wanda As-Sufi ya yi wa Adudud Daula.

Sarkin ya rasu a 983. As-Sufi ya bi shi bayan shekara uku, a 986, daidai da 376 Hijiriyya, yana da shekara 82. Ɗansa ya mayar da abin da ke cikin littafin waƙa a ma'aunin rajazu domin sauƙin hadda, kamar yadda malamanmu ke yi wa fiƙihu da nahawu.

Littafin bai tsaya a Shiraz ba. Nasiruddin Aɗ-Ɗusi ya fassara shi zuwa Farisanci a tsakiyar ƙarni na 13, kusan lokacin da aka juya shi zuwa harshen Sifaniyanci a fadar sarki Alfonso na 10. Ulugh Beg na Samarƙand, da ya sake auna taurari ya fitar da nasa jerin wajen 1437, ya ɗauko taurari 27 na can kudu daga As-Sufi, saboda ba a hango su daga garinsa. Kwafin da aka yi wa Ulugh Beg ɗin yana babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa a Faris. A taswirar sama da mai zanen nan na Jamus, Albrecht Dürer, ya buga a 1515, an sa hotunan masana huɗu a kusurwoyi, ɗaya daga cikinsu As-Sufi ne, da sunan Azophi. Da wannan suna ne kuma ake kiran wani rami a fuskar wata. An buga fassararsa ta Faransanci a 1874, aka buga asalin Larabcin a Haidarabad ta Indiya a 1954.

Kwafin da ke Doha

Shekaru da yawa ana ɗaukar wani kwafi da ke ɗakin karatu na Bodleian a Oxford a matsayin mafi tsufa, domin yana ɗauke da shekarar 400 Hijiriyya, wato wajen 1010, da iƙirarin cewa ɗan mawallafin ne ya rubuta shi. Daga baya masu bincike sun yi shakkar wannan kwanan wata, suna ganin aikin ya fi kama da na ƙarni na 12. Wannan ya ɗaga darajar kwafin Doha, wanda aka rubuta a 519 Hijiriyya, aka kuma saye shi a gwanjo a Landan a 1998. Marubucinsa ya bayyana a ƙarshen littafin daga inda ya kwafo da kuma abin da ya gwada aikinsa da shi, silsilar da ke komawa kusa da As-Sufi kansa. Farfesa Emilie Savage-Smith ta Jami'ar Oxford ta yi nazari a kansa, ta kuma ɗauke shi a matsayin kwafin da ya fi cancanta a dogara da shi. Waƙar ɗan As-Sufi ma tana haɗe a cikinsa.

Gidan da ke ajiye da shi an buɗe shi a watan Nuwamba na 2008, ginin I. M. Pei ne, kuma an sake buɗe shi a 2022 bayan gyara. Littattafan hannu ba kullum ake baje su ba saboda haske yana cin tawada da takarda, don haka iyalin da ke son kai yara su gani gara su tambaya tukuna.

Shi kuwa Suhailu ba ya bukatar izinin kowa, sai dai ya danganta da inda mutum yake zaune. A Kano yakan hau har kusan digiri 25 sama da doron ƙasa, a Doha kusan 12, a Shiraz inda As-Sufi ya yi aiki bai wuce 8 ba, a garin haihuwarsa kuwa da ƙyar yake leƙowa. 'Yan uwa da ke Landan ko Toronto ba sa ganinsa ko kaɗan. Mazauna Doha da ke son nuna wa yara shi ba sai sun tashe su da asubar Agusta ba: a watan Fabrairu, bayan sallar isha'i, in aka fita bayan gari aka fuskanci kudu, shi ne tauraro mai haske da ke can ƙasa-ƙasa, a ƙarƙashin Shi'ira.